Allura Da Faifai: Yadda Wayar Hannu Za Ta Ceto Tsofaffin Waƙoƙin Da Ke Cikin Akwatunan Yauri

Kusan kullum sai matashi ya furta kalmar faifai. An saki faifan bidiyo, wani faifan murya yana yawo a WhatsApp, an goge faifan daga Facebook. Amma da za a tara matasa a tashar motar Yelwa a tambaye su wa ya taɓa riƙe faifai na gaske a hannunsa, 'yan kaɗan ne za su ɗaga hannu.

Sunan daga ɗakin girki ya fito. Faifai shi ne wanda mata ke saƙawa da kaba don rufe ƙwarya ko fifita abinci. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa da baƙin abin nan mai faɗi, mai zagaye, sai aka ga sun yi kama, aka ara masa sunan. Garmaho ya kau, kaset ya zo ya wuce, CD ma ya bi bayansa, amma sunan ya zauna daram har cikin wayar salula.

Su kansu faya-fayan ba duka suka ɓace ba. A tsofaffin gidaje na Yelwa, Birnin Yauri, Wara ko Shanga, ba abin mamaki ba ne a buɗe akwatin ƙarfen wani kaka, tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin En'e ko ɗan kasuwa, a tarar da su jere a ƙarƙashin tsofaffin takardu. A nan matsala take farawa. Jikan da ya same su zai so ya ji abin da ke ciki, kuma sau da yawa wannan sauraron na farko shi ke yi wa faifan lahanin da shekara hamsin na ajiya ba su yi masa ba. Abin da ke jawo haka ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar gero ba, wato allura.

Daga garmaho zuwa memori

Faifai iri uku ne aka fi samu. Na farko shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya, na zamanin garmahon da ake wanawa da hannu. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, domin an yi shi ne da shalak, wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke samarwa a Indiya. Fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da waƙar minti uku ko huɗu. Na biyu shi ne babban faifan roba da ake kira LP, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948. Yana juyi 33 da sulusi a minti, kuma fuska ɗaya tana ɗaukar kimanin minti 22. Na uku shi ne ƙarami mai juyi 45, na kamfanin RCA Victor, wanda ya fito a 1949. Waɗannan biyun da robar bainil aka yi su, dangin robar bututun ruwa na PVC.

A Legas ne manyan kamfanoni irin su EMI da Decca da Polygram suka kafa sansani, kuma EMI ya buga faya-fayan mawaƙan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Daga shekarun 1970 kaset ya fara mamaye Arewa, domin ya fi araha, rediyonsa yana aiki da batir, kuma kowa na iya kwafarsa. Wannan sauƙin kwafar ne ya karya kasuwar faifai. Daga baya kamfanonin Turawan suka sayar da rassansu na Najeriya, EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier.

Yauri ba baƙuwar kiɗa ba ce. Duk wanda ya san kiɗan fada a ƙasar Hausa ya san gidan Ɗandawo, daga Aliyu Ɗandawo zuwa ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo. Yau waƙoƙin wannan zamani suna cikin memorin wayoyi, ana samun su wurin masu tura waƙa a kasuwa. Sai dai da yawa daga cikinsu sun sha hannu: an ɗauka daga rediyo zuwa kaset, daga wannan kaset zuwa wancan, daga nan zuwa MP3 mai ƙaramin nauyi, sannan aka yi ta turawa. Shi ya sa ake jin shuuu a bayan waƙar, kalangu ya dushe, wani lokaci ma an yanke farkonta. Faifan asali, in yana da lafiya, shi ne ya fi kusa da abin da aka ji a ɗakin ɗaukar sauti ranar da mawaƙin ya buɗe baki. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ba mai sake shiga situdiyo da su.

Abin da ke cikin tsagar faifai

Mai kallon faifai zai ɗauka layuka ne masu yawa a jikinsa. A gaskiya tsaga ɗaya ce tak a kowace fuska, ta naɗe daga baki zuwa tsakiya kamar gammo. Faɗinta bai wuce na silin gashi ba, amma da za a warware ta a babban faifai, za ta doshi rabin kilomita. Bangon wannan tsaga ba a miƙe yake ba, yana da lanƙwasa-lanƙwasa, kuma waɗannan lanƙwasar su ne sautin. Babu lambobi a ciki kamar yadda suke a fayil na kwamfuta. Siffar muryar ce da kanta aka sassaƙa a jikin roba.

Idan faifai yana juyawa, tsinin allura yana bin tsagar yana kaɗawa, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Allurar tana maƙale ne a jikin wata 'yar siririyar sanda, ita kuma sandar tana shiga cikin wani ɗan akwati a bakin hannun na'urar. Wannan ɗan akwati shi ne katirij, wato kan allura. Aikinsa mayar da kaɗawar zuwa ƙaramar wutar lantarki da amfilifaya za ta ƙarfafa ta tura wa lasifika.

Abin lura a nan shi ne, fayil na waya ko sau dubu aka saurare shi ba abin da zai same shi. Faifai kuwa taɓa shi ake yi. Duk sauraro gogayya ce tsakanin lu'ulu'u da roba. In allurar tana da kyau kuma nauyinta daidai, faifai zai jure sauraro ɗaruruwa. In ta lalace, sai ta zama aska.

Kan allura iri uku

Na farko shi ne na siramik. Yana ɗauke da wani ɗan abu da ke fitar da wuta idan aka matsa shi. Shi ake samu a tsofaffin na'urori masu batir, da kuma sabbin nan masu kama da jakar hannu da suka cika shagunan intanet. Yana da araha, ba ya buƙatar wata na'ura ta daban, amma yana danna faifai da nauyin giram 4 zuwa 6, kuma tsininsa sau da yawa ba lu'ulu'u ba ne, yana saurin cinyewa.

Na biyu shi ne MM, mai motsa maganaɗisu. A ƙarshen sandar allurar akwai ɗan mitsitsin maganaɗisu da ke rawa kusa da koyil, sai wuta ta samu, kamar dai yadda janareta ke aiki. Wutar da yake bayarwa ba ta wuce milibolt 3 zuwa 6 ba. Misali, Audio-Technica AT-VM95E yana ba da milibolt 4 a kan nauyin giram 2, Ortofon 2M Red kuma yana son giram 1.8. Babban alfanunsa shi ne, idan allura ta cinye, zare ta ake yi a sa sabuwa, ba sai an sayi kan gaba ɗaya ba.

Na uku shi ne MC, inda koyil ne ke motsi, maganaɗisu yana tsaye. Shi ne abin tinƙahon masu kuɗi a cikin masu sha'awar faifai, kuma a kansa suke ta muhawara. Wutarsa ba ta kai ko milibolt ɗaya ba a mafi yawan lokuta, yana da tsada, kuma ba a iya canza allurarsa a gida. Ga wanda burinsa ya ceto faya-fayan gidansu, MM ya wadatar, har da rara.

Akwai wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. Mutum zai haɗa na'ura mai MM kai tsaye da sifikar gida, sai ya ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri ko kaɗan, ya yi zaton kayan sun lalace. Ba lalacewa ba ce. Lokacin sassaƙa faifai, da gangan ake rage sauti mai kauri a ƙara mai kaifi, don tsagar ta yi ƙanƙanta waƙa mai tsawo ta samu wuri. Wannan ƙa'ida ita ce ta RIAA, wadda aka tsayar a 1954. Saboda haka dole a bi ta wata 'yar na'ura da ake kira fono firi'am, wadda ke ninka wutar kusan sau ɗari, ta kuma mayar da kaurin wurinsa. Tsofaffin amfilifaya suna da ita a ciki, a ramin da aka rubuta PHONO.

Kurakurai uku da ke kashe faifai

Na farko, ɗora kwabo a kan allura. Tsohuwar dabara ce: idan faifai yana tsalle, sai a ɗaure tsabar kuɗi a bakin hannun na'urar. Tsallen zai tsaya, amma kan da aka ƙera don giram 2 yanzu yana ɗauke da ninkin haka, yana ƙwaƙule bangon tsagar. Abin da ya kamata shi ne a auna nauyin. A yankin da ake haƙar zinari kamar Yauri, ƙaramin sikelin dijital da masu sayen zinari ke amfani da shi ba baƙon abu ba ne, kuma yana iya wannan aiki. Sai a sauke tsinin a kansa a daidai tsayin da faifai zai kasance, a juya ƙarfen da ke bayan hannun har lambar ta yi daidai da abin da kamfanin ya faɗa. A kula kawai, in farantin sikelin yana kama maganaɗisu, zai ja kan allurar ya ba da lambar ƙarya. Rage nauyi fiye da kima shi ma illa ne, domin allurar za ta riƙa dukan bangon tsaga maimakon ta bi shi.

Na biyu, gwama allura. Tsagar faifan 78 ta fi ta LP faɗi sosai. Tsinin allurar LP kusan maikiron 18 ne, na 78 kuwa ya kai 65 zuwa 75. In aka sa ƙaramar a babbar tsaga, za ta nutse har ƙasa ta riƙa shara cikin datti, sai ƙara ta rufe waƙar. Akwai allura ta musamman don 78, kamar AT-VM95SP. Mafi muni shi ne a ɗora faifan roba a kan garmahon wani, mai allurar ƙarfe da kai mai nauyin gaske. Juyi ɗaya ya isa ya gama da shi. Ita allurar ƙarfen ma, a ƙa'ida, fuska ɗaya ake ji da ita a jefar.

Na uku, amincewa da allurar da aka tarar a jikin tsohuwar na'ura. Allurar lu'ulu'u ta gama-gari tana yin awa 300 zuwa 500 ne kafin gefenta ya fara kaifi, kuma ba wanda ya san awa nawa ta gidan ta yi. Kyamarar waya da tocila za su iya nuna ko ta lanƙwashe ko ta tara datti, amma ba za su nuna cinyewa ba. Sabuwar allura tana da kuɗi, amma ana samunta. Faifan Shata na 1970 da wani abu kuwa, in ya tafi ya tafi.

Wutar Kainji da gudun faifai

An gama gina madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya shanye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa na bakin kogi da tsibirai, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Wutar da injinan madatsar ke turawa cikin layin ƙasa tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50Hz, kuma wannan lamba tana da alaƙa kai tsaye da muryar da za ta fito daga faifai.

Yawancin tsofaffin na'urori suna da moton da ke bin kaɗawar wutar gida wajen tsayar da gudunsa. Wutar Amurka 60Hz ce, kuma bolt 120. Wanda ya sayi na'urar gwanjo da aka yi don Amurka ya soka ta a soket ɗin Najeriya mai bolt 230, ƙauri zai ji. In ma ya yi dabara ya sa taransifoma, irin wancan moto zai yi juyi kusan 28 ne a maimakon 33 da sulusi, muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar mai jin barci. Ƙaramin janareta shi ma haka ne: da firji ya tashi, gudun injin ya sauka, sai waƙa ta yi ƙasa ta dawo. Wutar sola mai inbata mai kyau ta fi janareta tsayuwa a kan 50Hz. Na'urori masu moton DC, ko masu kulle gudu da kwaz irin zuriyar Technics SL-1200, ba ruwansu da wannan matsala.

Waya tana iya gano gaskiyar lamarin. Akwai manhajoji a Play Store da App Store da ke amfani da jairoskof na cikin waya, wanda ke gane juyawarta lokacin wasan gem, su auna gudun farantin. A ɗora wayar a tsakiyar farantin, a kunna, lambar za ta fito. In gudun ya gaza, sau da yawa bel ne ya saki, kuma canza shi ba wuya.

Zafi, ƙura da laima

Yanayin bakin tafki yana gwada faifai ta fuska uku. A watan Maris da Afrilu zafin Yelwa yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka, kuma roba tana lanƙwashewa in ta sha zafi a karkace. Saboda haka a tsaye ake jera faya-fayai kamar littattafai, ba a kife wani kan wani ba, kuma nesa da taga da jikin kwano. Da damina laima tana sa kwalin ya yi funfuna, ta bi ta shiga tsaga. Ga kuma ambaliya, irin wadda ta yi wa jihar Kebbi ɓarna a 2020, don haka ƙarƙashin gado ba wurin ajiya ba ne. Da hunturu kuma busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura, ita ce ke ba da ƙarar tas-tas.

Wanka kafin sauraro wajibi ne. Ruwan da ya dace shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen tsagar ba a ƙetare ta ba, ba tare da an jiƙa takardar tsakiya ba. A tabbata tataccen ruwa aka saya, ba asid na batir ba. Kada sifirit ko man wanke hannu ya kusanci faifan 78, domin barasar da ke ciki tana narkar da shalak. Fetur da kananzir kuwa ba a ma maganarsu.

Inda waya ke shigowa

Ɗora waya kusa da lasifika a danna rikodin zai ɗauko waƙar, tare da kukan akuya da ƙarar babur. Hanyar da ta dace ita ce ta waya zuwa waya: daga na'urar faifai zuwa fono firi'am, daga nan zuwa ɗan akwatin sauti na USB, sannan kebul ɗin OTG zuwa wayar Android. Behringer UFO202 ya haɗa biyun na tsakiya a akwati ɗaya. Wasu na'urorin, kamar Audio-Technica AT-LP120XUSB, suna da ramin USB a jikinsu, kuma suna juya 33 da 45 da 78. A waya, manhajar USB Audio Recorder PRO tana karɓar irin wannan sauti. A kwamfuta kuma akwai Audacity, kyauta ce, tana rage ƙarar tas-tas, tana kuma iya gyara gudu in an ɗauki faifan 78 a kan juyi 45.

Kafin a fara, a cire caja daga wayar a sa ta a yanayin jirgin sama, domin caja da siginar kira duk suna shiga cikin sauti. In ana jin huuu, a duba siririyar wayar at da ke bayan na'urar, a ɗaure ta a jikin fono firi'am.

A adana a tsarin WAV ko FLAC, ba MP3 ba. WAV mai ingancin CD yana cin kusan MB 10 a minti, wato fuska ɗaya ta babban faifai za ta ci sama da MB 200, FLAC kuma yana rage wannan da kusan rabi ba tare da an yi asarar komai ba. Daga wannan uwar ce za a riƙa cire MP3 don saurare. Wanda zai tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp, ya tura a matsayin dokumen. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, da takardar tsakiya mai sunan kamfani da lambar faifan, domin wata rana wannan lambar ce za ta taimaka wa mai bincike ya gano shekarar waƙar. A ajiye kwafi a waya, a filashi, da kuma Google Drive. Adana wa gida daban, sayarwa daban: waƙar tana da magada, kuma dokar haƙƙin mallaka tana aiki.

Duniya ta dawo kan faifai

A 2022, alƙaluman ƙungiyar RIAA sun nuna an sayar da faifan roba miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce CD tun 1987. Wannan ne ya sa har yanzu ake ƙera sababbin allurai, duk da cewa kamfanin Shure ya daina yin nasa a 2018. Masu tara faifai daga Turai da Amurka da Japan sun daɗe suna neman tsofaffin bugun Najeriya. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ma ya juya tafiyar baya: a 2011 ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutanen Sahara ya buga su a faifai, a 2013 kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, shi ma a kan roba.

Ma'ana, abin da ke cikin akwatin kaka yana da masu nema, kuma wata rana mai saye zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. Sayarwa ko riƙewa shawarar iyali ce. Amma faifan da ya bar gida ba a kwafe shi ba, ya tafi da sautinsa, kamar allurar da ta faɗa tafki.

Ba kowane gida ne zai iya sayen waɗannan kaya ba, kuma ba dole ba ne. Na'ura ɗaya mai kyau, da allura biyu, ta LP da ta 78, a hannun matashi ɗaya mai haƙuri, a shagon gyaran waya ko na tura waƙa, za su iya yi wa Yelwa da Wara da Shanga aiki. Da akwatin USB mai karɓar layi, haka za a ceto kaset-kaset ɗin wa'azi da na bukukuwa da na makaɗan fada, waɗanda su ma zarensu ke ruɓewa. Kafin a kai ga haka, wanda ya tarar da faifai a gida ya goge shi, ya ɗauki hotonsa, ya jera shi a tsaye a inuwa, kuma ya haƙura da saurare har sai ya samu allurar da ta dace.